Shekarar da Oddvar Ya Hana Mu Gayyar Itace

A Tverdal, idan kaka ta kama, ba a tambayar mutum lafiyarsa. Rumfar itacensa ake leƙawa. In ta cika har rufi, lafiya lau yake. In da saura, sai a fara yi wa matarsa jaje a kanti. Ni Eilert a nan aka haife ni, kuma ban taɓa ganin wanda ya raina wannan al'ada ba sai mijin ƙanwata, Oddvar.

Oddvar ya daɗe a birni yana tallan labule. Da ya auri Gunhild sai ya biyo ta ƙauye da takalma masu sheƙi da baki wanda ba ya mutuwa. Duk abin da ka yi, ya taɓa ganin an yi wanda ya fi shi. In ka kama kifi, shi ya taɓa sakin babbansa don tausayi.

Kowa ya san yadda ake itace. A sare tun dusar ƙanƙara ba ta narke ba, a faskara kafin ganye ya fito, a jera iskar rani ta busar, kaka na yi a kwashe zuwa rumfa. Na zauren taro da na Inna Magnhild, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai da kyanwarta, su kuma gayya ake yi musu. A taron sa ranar gayyar ne abin ya fara.

Halvard, shugaban zaure kuma shugaban 'yan kwana-kwanan garinmu, ya ce, "Asabar za mu shiga daji. Kowa ya zo da gatarinsa."

Oddvar ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Jama'a, ku gafarce ni, amma kallonku ya fara ba ni tausayi. Wata da watanni kuna jan itace kamar tururuwa. Bana ku huta. Na zaure, da na Inna, da na gidana, ni kaɗai zan yi. Da kaka."

"Da kaka," in ji Halvard. "Ɗanye ke nan."

"Ɗanye a hannunka. Ni ina da dabara."

Inna Magnhild ta ajiye saƙarta, ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, ka taɓa riƙe gatari?"

"Inna, gatari aikin masu ƙarfi ne. Ni da kai nake aiki."

"To a kawo gungume mu ga yadda kan yake faskare."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, don a zatonsa yabo ne. Gunhild kuwa ta zura wa kofinta ido kamar za ta shige ciki. Muka amince. Ba don mun yarda da shi ba. Garinmu ba gidan kallo, kuma abin dariya ba kullum yake kawo kansa ba.

Inna Magnhild ce kawai ta sa sharaɗi. "Ranar da na ji sanyi a ƙashina, gidanka zan tare. Kujerar nan taka mai laushi ita nake so."

"Inna, gumi za ki yi bana."

Rani ya zo ya same shi kwance a kujerar a ƙofar gida, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Duk wanda ya wuce da baro cike da itace sai ya sami nasiha kyauta.

"Eilert, jerin nan naka ya karkace."

"Ina naka, in gwada da shi?"

"Nawa yana tsaye a daji, yana ƙara ƙiba. Kai ka yanka naka tun yana yaro."

Na je wurin Gunhild a kicin, na ce ko in ɗebo musu kaɗan daga nawa a ɓoye. Ta ce, "Yaya, kada ka soma. Ya rantse in ya ga baƙon itace a gidan nan zai jefa a kogi. Ka bar shi. Na gaji da magana, kuma kunnuwan ba a nan ya saye su ba balle in mayar."

Wata safiya muka tashi ciyawa ta yi fari fat, ruwan bokiti ya daskare. Hayaƙi ya fara tashi daga bututun kowane gida ban da gida biyu. Kafin hantsi sai ga Inna Magnhild a ƙofar Oddvar, akwati a hannu, kyanwa a hamata. Ba ta ko gaishe shi ba. Ta wuce ta zauna a kujerar, ta ce a kawo bargo.

A ranar Oddvar ya zo aron zarton injina.

"Ka iya tayar da shi?"

"Eilert, na sayar wa otal guda labule. Inji ne zai gagare ni?"

Ni na tayar masa.

Ya hau tudun da ke bayan zaure, inda bishiyoyi masu farin ɓawo suka yi layi. Mu kuma muka taru a ƙasa da kofunan gahawa, kowa yana cewa wucewa kawai yake yi. Ya zaɓi wadda ta fi kowace girma, ya ɗaga yatsa ya gwada iska, ya nuna hagu ya ce can za ta kwanta. Bishiyar ba ta ji ba. Ta kwanta dama, a kan shingen tumakin Halvard. Tumaki suka ga ƙofar da ba su taɓa gani ba, suka bi ta a guje, ba su tsaya ko'ina ba sai cikin lambun kabejin Torleif.

Halvard da Torleif sun yi shekaru ba sa ga maciji. Halvard yana jera itace ɓawo a sama, Torleif ɓawo a ƙasa, kuma kowa a cikinsu yana ganin ɗayan bai cancanci a binne shi a maƙabartar gari ba. Ranar suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon tumaki suna cin kabeji.

Oddvar ya sauko yana karkaɗe hannu. "Kada ku damu. Dama naman tunkiya da kabeji za a dafa ranar bikin kunna wutar farko a zaure. Ga shi na haɗa muku su tun yanzu."

"Madalla," in ji Torleif. "Saura kai da tukunya."

"Ku kuma rigimar nan taku ta ɓawo, na kashe ta. Ni ɓare shi zan yi duka in zubar."

Ɓawon da ake kunna wuta da shi. Wanda iyayenmu mata ke tarawa a kwando kamar zinariya. Halvard ya dubi Torleif, Torleif ya dubi Halvard. Suka yi musabaha a gaban kowa. Faston garinmu ya yi shekaru yana neman wannan bai samu ba.

Gaskiya ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi sara. Ya kayar da bishiyoyi da yawa, wasu ma inda ya nufa. Ya yanka gumagumai, ya faskara waɗanda suka yarda. Hannunsa ya yi bororo, ya ce alamar basira ce tana neman hanyar fita. Amma itacen in ka ɗaga sai ka ji kamar ka ɗauki jariri jiƙaƙƙe.

Sai dabarar ta fito fili. Ya kwaso lodi guda ya shigo da shi falon gidansa. Ya jera a kan tebur, a ƙarƙashin gado, a bahon wanka, har kan matakala. Ya bi gida gida ya aro na'urorin ɗumama ɗaki na lantarki, ya haɗa da fanka, ya haɗa da abin busar da gashin Gunhild. Ya rufe tagogi ya kunna duka.

Na leƙa da yamma. Ruwa na gangarowa a gilashin tagogi, takardar bango ta fara saki tana rusunawa. Inna Magnhild na zaune a tsakiyar tururi, gashinta ya manne a goshi.

"Na faɗa miki za ki yi gumi, Inna," in ji Oddvar.

"Ka faɗa. Abin da ba ka faɗa ba shi ne da baƙi zan kwana."

Ta ɗaga bargo. Tururuwa ce baƙa ƙirin, manya, waɗanda suka yi shirin barcin sanyi a cikin itacen, ɗumi ya tashe su suka zaci rani ne ya dawo. Sun shiga sukari, sun shiga gado, kyanwa ta haye saman kabad ta ƙi saukowa.

"Alama ce mai kyau," in ji Oddvar. "Tunda tururuwa ta fito, ruwan ma yana hanya."

Bai rufe baki ba wani abu ya yi ƙara a bango, wuta ta ɗauke. Ba gidansa kawai ba, layin gaba ɗaya. Torleif yana tsakiyar tatsar shanu da inji. Ya iso da takalman garke bai cire ba, ya tsaya a kan darduma.

"Oddvar, shanuna suna gaishe ka. Sun ce ka zo ka ƙarasa da kai, tunda da shi kake aiki."

A daren Gunhild ta haɗa kaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ina gidan Yaya. Ranar da murhun gidan nan ya yi ja da itacen da ba ya kuka, ka zo ka kira ni. Kafin nan ga matanka nan," ta nuna tururuwa, "sun fi ni yawa."

Inna Magnhild ta biyo ta da kyanwa. Haka na wayi gari a gidana da mata biyu da dabba, ni kuma a kan benci. Tun daga ranar dariyar ta fara rage mini daɗi.

Oddvar bai karaya ba. Ya ce kuskuren na gida ne, gidan ya yi ƙanƙanta da tunaninsa. Iskar kan tudu ita ce magani. Ya mayar da itacen sama, ya haɗa da sauran, ya fara gina hasumiya zagayayya. Ta wuce tsayin mutum, ta wuce tsayin rumfa, ya ɗauko tsani ya ci gaba. Daga ko'ina a gari kana hango ta, ta ɗan sunkuya kamar mai neman abin da ya faɗi. Da ruwan sama ya sauko, sai ya naɗe ta da leda tun daga sama har ƙasa, ya ɗaure tam.

Halvard ya hau ya duba. "Ta ina iskar za ta shiga?"

"Iska ba ta buƙatar ƙofa, Halvard. Ka yi karatu kuwa?"

"Kaɗan. Wannan kuma fa?"

Abin da ya nuna, tsofaffin kwanon rufi ne da Oddvar ya jera ya haɗa baki da baki, tun daga gindin hasumiya har ƙofar rumfar zaure a ƙasa. A sama ya tare da ƙyaure, ya ɗaure da igiya.

"Wannan shi ne ƙarshen baro a Tverdal. In ja igiya, itace ya gangaro da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya shiga rumfa ya kwanta."

"Ya jera kansa ma?"

"Wannan sai baɗi."

Halvard ya dubi kwanon, ya dubi rumfar, ya dubi kogin da ke bayanta. Ya sauko ya ce wa 'yan kwana-kwana ranar biki kowa ya zo da dogon takalmi.

Ranar bikin wutar farko gari ya tashi da sanyi mai cizo. Kowa ya hallara a zaure da rana: mata da tiren waina da cukun akuya, maza da katuwar tukunyar nama da kabeji, wadda za a ɗora a kan murhun ƙarfen zaure. Al'ada ce wanda ya kawo itace shi ke kunna wuta. Oddvar ya shigo da sabuwar riga, rungume da faskare. Ya yi jawabi a kan tsohon tunani da sabon tunani har yara suka fara cin wainar a ɓoye. Sannan ya durƙusa ya ƙyasta ashana.

Ta mutu. Ya ƙyasta wata. Ya cusa jarida, jarida ta ci ta cinye, itace ko a jikinsa. Ya ƙara jarida, ya hura har idonsa ya yi ja. Can sai itacen ya fara tsaki, kumfa na fita ta bakinsa.

"Ka ji," in ji Inna Magnhild. "Shi ma kuka yake."

"Waƙa ce, Inna. Itace mai kyau yana waƙa."

"To ka ce ya canza, wannan ta jana'iza ce."

Oddvar ya zaro kwalbar kananzir daga aljihu. Halvard ya karɓe ta, ya miƙa wa na bayansa, aka yi ta miƙawa har ta fita ƙofa. Hayaƙi kuwa ya ƙi bin bututu. Ya fito ta bakin murhu, fari, mai kauri, ya cika zaure har ba ka ganin wanda ke taka maka ƙafa. Muka fito waje muna tari, hawaye shaɓe-shaɓe, mata na kare waina da gyale.

Oddvar ya fito ƙarshe, fuska baƙa, haƙora fari.

"Jama'a, kada ku ruɗe. Waɗannan na ƙasa ne. Busassun suna sama. Ku tsaya nan ku ga abin da jikokinku za su ba da labari."

"Gunhild," in ji Torleif, "ki yi masa magana mana."

"Na yi a coci sau ɗaya, ranar aurenmu," ta ce. "Kun ga inda ta kai ni."

Ya haye tudu. Muka ja baya, Halvard ya sa aka kwashe yara zuwa bakin titi. Oddvar ya yaye ledar, ya ɗaga mana hannu kamar mai shirin tashi a jirgi, ya ja igiya. Ƙyaure ya buɗe.

Ko ƙirare ɗaya bai motsa ba. Ruwan da ya kwana a cikin leda ya daskare, ya manne hasumiyar ta zama dunƙule guda.

"Ya jeru da kyau," Torleif ya ɗaga murya. "Bar shi haka, mu zo mu riƙa kallo."

Oddvar ya shuri gindinta. Shiru. Ya kafa tsani ya hau can ƙololuwa, ya tsaya, ya yi tsalle. Ya sake yi. A na gaba muka ji wata ƙara kamar ƙanƙarar tafki ta tsage.

Ba ɗaya bayan ɗaya suka zo ba. Duka suka zo, da mai su a sama. Hasumiya ta kwanta a kan kwanon rufi ta taho tana rugugi, gumagumai na tsalle ta ko'ina, Oddvar zaune a kan leda yana riƙe da igiyar da ba ta ɗaure da komai. Gaskiya itacen ya shiga rumfa kamar yadda ya yi alkawari. Sai dai bai tsaya ba. Ya shiga ta gaba, ya fita ta baya da bangon a kansa, ya gangara gaɓa, ya faɗa kogi. Rufin rumfar ya ɗan yi tunani, sannan ya zauna a ƙasa.

Muka ruga. Gunhild ce a gaba, ta yar da tiren waina, fuskarta ba jini. Muka same shi a bakin ruwa, ruwa iya ƙugu, reshe ya saƙale masa sabuwar riga. Halvard ya sa ƙugiyar kwana-kwana ya jawo shi kamar buhu. Ba abin da ya karye. Gunhild ta taɓa kansa, ta taɓa haƙarƙarinsa, ta tabbatar yana numfashi, sannan ta koma ta tsince wainarta.

Itacen kuwa yana tafiya a kan ruwa cikin natsuwa, ɗaya bayan ɗaya a ƙarshe, ya nufi Nesset, ƙauyen da ke ƙasa da mu, mutanen da ko gaisuwa ba sa bayarwa kyauta. Kafin mu gama naɗe Oddvar a bargo sun bugo wa Halvard waya. Sun ce sun gode, amma baɗi a riƙa yankawa gajeru, murhunsu ƙanana ne.

Oddvar yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, ya ce, "Kun dai ga saurin."

A lokacin ne dusar ƙanƙara ta fara sauka. Muka tsaya muna kallonta tana rufe rumfar da ta rushe. Hanyar dutse takan toshe in ta yi yawa, wutar lantarki takan ɗauke ta daɗe. Zaure ba itace, gidan tsohuwa ba itace, gidan ƙanwata ba itace. Gunhild ta zauna a kan dutse da tire a cinya, ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari ba wanda ya kira taro. Na loda barona na fito, sai na tarar da Halvard a hanya da nasa, Torleif a baya da tarakta. Gida gida aka fito, kowa ya rage daga abin da ya tara wa kansa, kowa ya san zai ji a jikinsa kafin bazara. Muka cika rumfar Inna Magnhild tukuna, muka tara na zaure a ƙarƙashin tanti, sannan muka nufi gidan Oddvar. Kafin azahar rumfarsa ta cika har rufi da itace busasshe mai ƙara kamar ƙararrawa.

Ya fito da bargo a kafaɗa, hanci ja. Ya zagaya rumfar, ya ƙwanƙwasa faskare ɗaya, ya gyaɗa kai.

"To, jama'a, me na ce muku? Rumfa cike, busasshe, kuma da kaka. Ku nuna mini wanda ya taɓa yin haka a kwarin nan. Baɗi in Allah ya kai mu zan koya muku yadda..."

Halvard ya juya baronsa, ya fara mayar da itacensa ciki. Torleif ya tayar da tarakta ya dawo da ita baya. Ni ma na miƙa hannu, kuma na san nawa, don a karkace na jera.

Sai Gunhild ta ratso mutane ta tsaya a gabansa.

"Oddvar, akwai kalma biyu da ake faɗa. Uwarka ta koya maka, na tabbata."

"Gunhild, ai bayani nake..."

"Biyu."

Ya dubi baro yana cika, ya dubi sama tana zubo da fari.

"Na gode."

"Torleif bai ji ba, injinsa na ƙara."

"Na gode," ya faɗa da ƙarfi, har kyanwa ta firgita.

Aka sauke itacen aka mayar. Gunhild ta karɓi ashana daga hannuna, ta shiga gidanta, ba a jima ba hayaƙi siriri ya tashi daga bututu. Oddvar ya juya zai bi ta, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu.

Inna Magnhild ta zare faskare ɗaya mai kauri daga rumfar, ta auna nauyinsa a hannu, ta tsaya tana jira.

Ya rufe bakin, ya shiga ciki.